Zauren Tambaya: Abin da Attaura ta Ɗora wa Bayahude a Ƙasar Kakanninsa

Assalamu alaikum, masu karatu. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a watan Oktoban 2023, da wuya wata ya wuce ba a aiko mini da tambaya kan Yahudawa da addininsu ba. Ga huɗu daga ciki, duk daga nan Kumasi. Na rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Malam, ni makanike ne a Magazin na Suame. Maigidana a wurin aiki Batone ne, Kirista, mutumin kirki, bai taɓa cin haƙƙina ba. Amma duk ranar da aka tayar da zancen Falasɗinu sai ya ce Allah ne ya ba Yahudawa ƙasar, magana ta ƙare. Ya ce ma addininsu ba ya cika sai a can. Da gaske akwai ibadar da Bayahude ba zai iya yi ba sai a wannan ƙasa? Kuma me zan ce masa?
Daga wani matashi, Aboabo.

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya bar ku da maigidanka cikin mutunci. Akwai gaskiya a maganarsa ta biyu, kuma da ita zan fara, don in ka ƙaryata shi a inda ya yi daidai ba zai saurare ka ba a inda ya kuskure.

Malaman Yahudu sun ƙirga dokokin Attaura sun ce 613 ne: umarni 248, hani 365. Lissafin yana cikin Talmud, babban kundin fiƙihunsu. Wanda ya zauna ya jera su ɗaya bayan ɗaya har jerinsa ya zama madogara shi ne Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba ta Andalus, wanda ya yi likitanci a fadar Ayyubawa a Masar, ya rasu a 1204. Da Larabci ya rubuta jerin, kodayake da baƙaƙen Ibrananci. Sa'ad da nake ɗalibi a Alƙahira, malaminmu na kwatanta addinai ba ya barin ɗalibi ya buɗe baki kan Yahudanci sai ya karanta mutumin da kansa. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne yadda ya buɗe da ƙa'idoji 14 na abin da ake ƙirgawa da abin da ba a ƙirgawa, tamkar littattafan usulu da muka taso da su.

Da yawa daga cikin dokokin nan babu mai iya aikata su a yau, ko da a tsakiyar Ƙudus yake zaune, domin sun rataya ne a kan Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus: hadayu, hidimar firistoci, ziyarar idi sau uku a shekara. Rumawa sun rushe Haikalin a shekara ta 70 miladiyya, ba a sake gina shi ba. Wani malaminsu na gabashin Turai, Isra'il Meir Kagan, wanda ya rasu a 1933, ya tace abin da ya rage a hannu: umarni 77 da hani 194 da ke kan Bayahude ko'ina yake, sai wasu 26 da ba sa hawa kansa sai yana cikin ƙasar.

Ƙa'idar da suke bi mai sauƙi ce. Dokar da ta shafi jikin mutum tana bin sa duk inda ya sa ƙafa: hutun Asabar, kaciya, haramcin naman alade da haɗa nama da madara, addu'o'in safe da yamma da dare, azumin ranar kaffara. Dokar da ta shafi gona da amfaninta kuwa, galibinta ba ta aiki sai a wannan ƙasa. Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Mu ma muna da hukuncin da ya rataya da wuri: a Haramin Makka ba a farauta, ba a sare itacen da ya tsiro da kansa, ɗawafi kuma ba ya yiwuwa sai a Ka'aba.

Ka ɗauki manomin da ya noma alkama a zamanin da Haikali yake tsaye. Tun kafin ya gama yanka, wajibi ne ya bar wani gefe na gonar bai taɓa ba, don matalauci da baƙo. Malamai suka ce kada ya gaza ɗaya bisa 60. Zangarniyar da ta suɓuce daga hannun mai yanka, ba ya sunkuyawa ya ɗauka. Damin da ya manta a gona, ba ya komawa dominsa, ya zama na maraya da matar da mijinta ya rasu. Bayan ya sussuke ya sheƙe, sai ya fitar da rabon firist, wato zuriyar Annabi Haruna, wajen ɗaya bisa 50. Sai ɗaya bisa 10 ga Lawiyawa, ƙabilar da ba a ba ta rabon ƙasa ba saboda hidimar Haikali. Sai wani ɗaya bisa 10 kuma: a shekara ta 1 da ta 2 da ta 4 da ta 5 ya kai shi Ƙudus ya ci da iyalinsa a can, a ta 3 da ta 6 ya ba matalauta. In ka haɗa, kusan ɗaya bisa biyar na abin da ya noma ya bar rumbunsa. Ka gwada da zakkar noma tamu, ɗaya bisa 10 ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa 20 ga na ban-ruwa.

Har yau masu riƙo da addini a can ba sa cin tumatir ko lemon ƙasar sai sun tabbata an fitar da waɗannan haƙƙoƙi. Tun da firistocin yanzu ba su da tsarkin da zai halatta musu cin nasu rabon, sai a cire abin da ya ɗan haura ɗaya bisa 100 a naɗe shi a ajiye gefe, ba mai ci. Ushirin da ake kaiwa Ƙudus kuma sai a fanshe shi da tsabar kuɗi. Bayahuden da ke Landan ba ruwansa da wannan duka, sai fa in daga can aka kawo kayan. Ka ga ke nan, a wurin mai addini, zama a ƙasar kaya ne ake ƙara masa a ka.

Yanzu sai maganarsa ta farko, cewa Allah ya ba su, magana ta ƙare. Kada ka ce masa babu wannan a littafi, don akwai, har a namu. A Suratul Ma'ida, aya ta 21, Annabi Musa ya ce wa mutanensa su shiga ƙasa mai tsarki wadda Allah ya rubuta musu. Amma ka ci gaba da karatu: da suka ƙi bin umarni, aka haramta musu ita shekara 40. A Suratul A'araf kuma, Annabi Musan ne dai ya gaya musu ƙasa ta Allah ce, yana gadar da ita ga wanda ya so cikin bayinsa, kyakkyawan ƙarshe kuma na masu taƙawa ne.

Littafin da maigidanka ke ɗauka zuwa coci ranar Lahadi ma haka ya ce, da kalmomin da suka fi waɗannan kaushi. Ka roƙe shi ya buɗe Littafin Firistoci. Sura 25 aya 23: ba za a sayar da ƙasa har abada ba, gama ta Allah ce, su baƙi ne masu zaman aro a wurinsa. Sura 18 aya 28: in suka ƙazantar da ita za ta amayar da su kamar yadda ta amayar da waɗanda suka riga su. Sura 19 aya 33 da 34: baƙon da ke zaune tare da su kada su zalunce shi, su ɗauke shi ɗan gida, su so shi kamar kansu, don su ma sun yi baƙunci a Masar. Yahudawa masu addini ba su ɓoye wannan ba. A addu'ar idodinsu suna furtawa da bakinsu cewa saboda zunubansu ne aka kore su daga ƙasarsu.

Abin da na fahimta, kuma na tsaya a kansa, shi ne alkawarin da ke cikin Attaura amana ce mai sharuɗɗa. Wanda zai kafa hujja da ayar bayarwa, dole ya ɗauki ayar sharaɗi tare da ita. Sannan ka tuna masa cewa mutum wajen 700,000 aka raba da gidajensu a 1948, cikinsu har da Kiristoci 'yan'uwansa a addini, waɗanda kakanninsu ke ibada a Yafa da Haifa da Ƙudus tun kafin bishara ta iso gaɓar tekunmu. Ka faɗa masa cikin ladabi. Maigidanka ne, kuma ya riƙe ka da amana.

Tambaya: Malam, ina sayar da hatsi a kasuwa. Ƙanena yana riƙon gonar koko a yankin Sefwi bisa tsarin abusa, wato raba amfanin gona da mai ita. Ya ce a Wiawso akwai 'yan ƙasa, baƙaƙe kamarmu, da ke cewa su Yahudawa ne, ba sa zuwa gona ranar Asabar. Ya kuma ji an ce Yahudawa suna barin gona shekara guda cur ba noma. Su ma haka za su yi da kokonsu? Kuma wajibi ne a kansu su tashi su koma Isra'ila?
Daga wata Hajiya, Asawase.

Amsa: Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ƙanenki gaskiya ya faɗa. Akwai wata ƙaramar jama'a a Sefwi Wiawso da ta rungumi Yahudanci tun shekarun 1970, bayan wani mutumin yankin, Aaron Ahomtre Toakyirafa, ya ce an nuna masa cewa al'adun kakanninsu, irin su hutun Asabar da kaciya, daga Bani Isra'ila suka samo tushe. Suna da ɗakin ibadarsu a unguwar New Adiembra. Hutun Asabar yana bin mutum ko'ina, bisa ƙa'idar da na faɗa wa ɗana na Aboabo. Hutun shekara kuwa bai hau kan gonar da ke Sefwi ba, ko ta wane ce. Kokonsu za su ci gaba da shara da tsinka ba fashi. Abin da ke bin mai gona har wajen ƙasar shi ne hukuncin sabon itace, wanda ba a cin 'ya'yansa ba a sayarwa cikin shekara uku na farko, da kuma hanin aurar da itace da wani jinsin da ba nasa ba.

Amma bari in tsaya kan shekarar hutun, don cikin dokokin ƙasar babu wadda ta fi ta nauyi, kuma ke da kike auna hatsi za ki fi kowa gane abin da ake nufi. Attaura ta ce shekara shida a shuka a girbe, ta bakwai ƙasa ta huta. Ba huɗa, ba shuka, ba datse rassan inabi. Abin da ya fito da kansa ba na mai gona ba ne shi kaɗai: a buɗe shinge, talaka ya shiga ya ɗiba, baƙo ya ɗiba, dabbar daji ta ci ragowa. Mai gonar shi ma ya ɗebi na cin gidansa kamar kowa, amma ba na kaiwa kasuwa ba. A ƙarshen shekarar, bashin da ke tsakanin Bayahude da ɗan'uwansa ya faɗi. Bayan bakwai sau bakwai, a shekara ta 50, gonar da talauci ya sa aka sayar ta koma hannun dangin da suka sayar, bawa Ba'ibrane kuma ya tafi gida. Mu nan mun san Tonawa masu riƙo da gargajiya ba sa taɓa ƙasa da fartanya ranar Alhamis saboda Asase Yaa, uwar ƙasa a addininsu na gargajiya. Ki ɗauki wannan yini guda ki mayar da shi shekara, a ƙasar da ruwa ba ya sauka sai da hunturu.

Littafinsu ya ɗauki abin da zafi. Littafin Tarihi na biyu, sura 36, ya haɗa shekara 70 na zaman bauta a Babila, bayan Nebukadnezzar ya ƙone Haikalin farko, da hutun da ƙasar ba ta samu ba. Wato ta karɓi bashinta bayan sun tafi. Sha'anin yafe bashi kuwa tun da wuri ya ba su wahala. Malami Hillel, wanda ya rayu gab da zamanin Annabi Isa, ya ga masu hali suna ƙin ba da rance in shekarar ta matso, talakan da aka yi dokar dominsa shi ke kwana da yunwa, sai ya kafa wata takarda da mai bin bashi zai miƙa bashinsa ga kotu ta karɓo masa. Har yau suna rubuta ta.

Ƙarnuka da yawa hutun gona ya zauna kusan a littafi kawai, don Yahudawan da ke ƙasar kaɗan ne, galibinsu kuma mazauna birni. Da baƙi daga Rasha da Romaniya suka fara kafa ƙauyukan noma a shekarun 1880, sai hutun 1888 zuwa 1889 ya tarar da su da sababbin gonaki da hannu wofi. Aka kai tambaya ga Yitzhak Elhanan Spektor, babban malamin garin Kovno a Lituwaniya. Ya halatta a sayar da gonakin ga wanda ba Bayahude ba na ɗan lokaci, bisa hujjar cewa ƙasar da ke hannun wani ba ta ɗauke da hukuncin. Manyan malaman Ƙudus suka ƙi. Manoman ƙauyen Ekron suka bi na Ƙudus, suka ajiye garma, har suka saɓa da wakilan attajirin nan Edmond Rothschild mai ɗaukar nauyinsu, suka sha wuya ba kaɗan ba. A hutun 1909 zuwa 1910, Abraham Isaac Kook, malamin Yafa a lokacin, ya ƙarfafa fatawar sayarwa da hujjoji, kuma a kanta hukumar malaman Isra'ila take tafiya har yau: duk shekara bakwai a rubuta takarda a sayar da gonaki ga wanda ba Bayahude ba, in shekara ta fita su dawo.

Masu tsanantawa, mabiyan Abraham Yeshaya Karelitz na garin Bene Berak wanda ya rasu a 1953, ba su yarda da wannan ba. Wasu sukan shuka kayan lambu a cikin rumfunan leda, a kan shimfiɗar da ta raba shuka da ƙasa. A wasu wuraren kotun malamai ce ke ɗaukar ma'aikata su tsinko 'ya'yan itace, a raba wa jama'a a kuɗin wahala kawai. Da yawa sukan sayi kayan miya daga manoman Falasɗinawa da na Jodan. Akwai kuma manoman da ke ajiye aikin ɗungurungum, 'yan'uwansu na ƙetare su tara musu abin da za su ci. Hutun da ya wuce ya fara a Satumban 2021 ya ƙare a Satumban 2022. Na gaba zai shigo a Satumban 2028.

Ni dai, a matsayina na wanda ya karanta babin hila a namu fiƙihun, na fi ganin girman manomin da ya ajiye garma, kodayake ban raina uzurin mai ma'aikata da bashin banki a wuya ba. Dokar an saukar da ita ne don talaka ya ci, kuma in an sayar da gona a takarda, shingen nan yana nan bai buɗe ba.

Batun tashi a koma, malamansu sun saɓa. Musa bin Maimun bai sa zama a ƙasar cikin jerin 613 ba. Ya ziyarce ta, ya wuce Masar ya zauna, duk da ya yabi zama cikinta matuƙa, kuma a Ɗabariyya kabarinsa yake. Musa bin Nahman na garin Girona a Sifaniya ya yi masa gyara, ya ce wajibi ne a kowane zamani, ya kafa hujja da Littafin Ƙidaya sura 33 aya 53. Bai tsaya a faɗa ba: a 1267, yana da shekara fiye da 70, ya isa Ƙudus ya tarar da ita kusan kango. Shi ne ma ya kai ga cewa asalin dokokin duka don mazauna ƙasar ne, na waje suna yin su ne don kada su manta kafin su dawo. Ƙamshin wannan ra'ayi ne maigidan makaniken can ya jiyo. A fiƙihun aurensu har akwai hukuncin cewa in miji ya so ƙaura zuwa ƙasar matar ta ƙi, za ta fita ba tare da kuɗin da ya rubuta mata ranar ɗaurin aure ba. In ita ce ta so shi ya ƙi, sai ya sake ta ya biya ta cif. A zamaninmu kuwa, Moshe Feinstein na Niyok, wanda ya rasu a 1986, ya yi fatawa cewa wanda ya je ya sami lada, wanda bai je ba bai yi laifi ba. A kan irin wannan fahimta miliyoyinsu ke zaune a Amurka da Faransa da Ingila. Wanda gwamnatin Isra'ila za ta buɗe wa ƙofa kuma wata magana ce daban, dokar majalisa ce ta 1950.

Tambaya: Baba Malam, ni ɗaliba ce a jami'ar Kwame Nkrumah ta kimiyya da fasaha. Na ga bidiyo a TikTok, Yahudawa masu baƙaƙen riguna da gashi a gefen kunne suna riƙe da tutar Falasɗinu a Niyok. Ƙawata ta ce 'yan wasa ne aka biya su. Ta yaya mai addini zai ƙi ƙasar da addininsa ya ce tasa ce?
Daga wata ɗaliba, Ayigya.

Amsa: 'Yata, ba 'yan wasa ba ne. Galibin waɗanda kike gani da tutar 'yan ƙungiyar Neturei Karta ne, wadda aka kafa a Ƙudus a 1938. Ba su da yawa, amma hujjarsu tsohuwa ce. Ba ƙasar suka ƙi ba, gwamnatin suka ƙi.

A cikin Talmud akwai wani wuri da ya ce Allah ya ɗauki rantsuwa uku bayan watsewa: Bani Isra'ila kada su koma ƙasar a dunƙule da ƙarfi, kada su yi wa al'ummai tawaye, su kuma al'ummai kada su wuce gona da iri wajen zaluntarsu. Masu wannan fahimta suna cewa wanda ya kore su saboda zunubi shi kaɗai zai mayar da su, ta hannun Almasihun da suke jira, kuma kafa daula kafin lokacin tsallake umarni ne. Wanda ya fi kowa kare wannan ra'ayi shi ne Yoel Teitelbaum, shugaban jama'ar Satmar, mutumin da ya tsira daga kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawan Turai, ya zauna a Niyok har ya rasu a 1979. Mabiyansa dubbai ne masu yawa, kodayake da wuya ki gan su a zanga-zanga da tutar kowa. Ki kuma tuna cewa Theodor Herzl, wanda ya kira taron farko na Sahayoniyawa, masu fafutukar kafa wa Yahudawa daula, a Basel a 1897, ɗan jarida ne ɗan boko, kuma malamai da yawa na lokacin sun juya masa baya.

Ɗaya ɓangaren suna amsawa da cewa rantsuwar ba hukuncin fiƙihu ba ce, al'ummai sun karya tasu da abin da aka yi a Turai, kuma ƙuri'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1947 ta raba ƙasar tsakanin Yahudawa da Larabawa izini ce. Kook da na ambata yana ganin ko ɗan bokon da ba ya kiyaye Asabar, in yana noma ƙasar, aikin fansa yake yi bai sani ba. Ɗansa Zvi Yehuda ne ya kai abin nesa bayan yaƙin 1967: ya ce ba ya halatta a saki ko taƙi ɗaya. Almajiransa suka kafa ƙungiyar Gush Emunim a 1974, kuma daga nan ne guguwar gina matsugunai a Gaɓar Yamma ta ƙara ƙarfi, matsugunan da Kotun Duniya ta sake cewa sun saɓa doka a watan Yulin 2024. Saɓanin ya kai ga jini a tsakaninsu: ɗalibi mai addini ne ya harbe firaminista Yitzhak Rabin a Nuwamban 1995 saboda yarjejeniyar sulhu ta Oslo da ya ƙulla da Falasɗinawa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wasu da ba sa fitowa a TikTok. Ovadia Yosef, haifaffen Bagadaza, wanda ya yi alƙalancin Yahudawa a Alƙahira kafin ya zama babban malamin Isra'ila, ya yi fatawa cewa in za a sami sulhu na gaskiya ya halatta a mayar da ƙasa, don ceton rai yana gaba. Daga baya ya ƙi amincewa da janyewa daga Gaza a 2005, ya ce babu sulhu a ciki. Yeshayahu Leibowitz, masanin kimiyya mai kiyaye dokokin addini da tsanani, ya yi ta gargaɗi tun 1968 cewa mulkin wata al'umma da ƙarfi zai lalata mai mulkin, yana kuma ganin tsarkake ƙasa don kanta wani nau'in bautar gumaka ne. Akwai kuma ƙungiyar malamai masu kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1988, waɗanda kowace kaka suke raka manoman Falasɗinawa tsinkar zaitun don kada 'yan matsugunai su far musu. Hujjarsu tana cikin Attaura: Maimaitawar Shari'a sura 20 aya 19 ta hana sare itace mai 'ya'ya ko a lokacin da aka kewaye gari da yaƙi. Duk sa'ad da na ga hoton tsohuwa rungume da kututturen zaitun da aka sare mata, wannan ayar nake tunawa, kuma raina yana ɓaci, don wanda ya sare ɗin da sunan wannan littafi ya zo.

Saboda haka, 'yata, kada ki ɗauki 'yan tutar nan ki ce su kaɗai ne Yahudawan ƙwarai, kada kuma ki ɗora laifin ɗan matsuguni ko na gwamnati a kan kowane Bayahude. Alƙur'ani da kansa ya ce game da Ma'abota Littafi, a Ali Imrana aya ta 113, ba duka suka zama ɗaya ba.

Tambaya: Malam, a majalisarmu ta bayan la'asar ana ta zancen wata jar saniya, wai in an yanka ta za a rushe Masallacin Aƙsa. Ita ce saniyar Suratul Baƙara?
Daga wani Alhaji, Alabar.

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, ba ita ba ce. Ta Baƙara rawaya ce, an yanka ta ne don a gano wanda ya yi kisa. Tasu tana cikin Littafin Ƙidaya sura 19: jar karsana marar aibu, wadda ba a taɓa ɗora wa karkiya ba. Ana ƙone ta, a haɗa tokar da ruwa, a yayyafa wa wanda ya taɓa gawa a rana ta 3 da ta 7, sannan ya tsarkaka ya iya kusantar Haikali. Tokar ta daɗe da ƙarewa, don haka a fiƙihunsu kowa a yau yana ɗauke da wannan rashin tsarki. Shi ya sa hukumar malaman Isra'ila ta haramta wa Yahudawa shiga harabar Aƙsa, har akwai allon gargaɗi a hanyar shiga. Musa bin Maimun ya ce guda tara aka ƙone tun daga Annabi Musa, ta goma Almasihu ne zai yi ta, kuma a kan wannan jira mafi yawan malamansu suke.

Abin da ya tayar da zancen shi ne karsana biyar da aka kawo daga Teksas ta Amurka a Satumban 2022, da haɗin gwiwar wasu Kiristoci da wata cibiya a Ƙudus mai shirya kayan Haikali. Masu wannan yunƙuri 'yan tsiraru ne, amma ba abin rainawa ba ne. A watan Agustan 1969 mutum ɗaya, Kirista ɗan Ostareliya, ya cinna wa masallacin wuta har mumbarin Salahuddin ya ƙone. Harabar tana hannun hukumar waƙafi ta Jodan, kuma tsarin da aka bi tun 1967 shi ne wanda ba Musulmi ba ya shiga ziyara amma kada ya yi ibada. Wannan tsarin ne ake ta tattakewa a 'yan shekarun nan, inda masu shiga suka ƙaru, har da minista Itamar Ben-Gvir, wanda ya shiga sau da yawa duk da hanin manyan malaman addininsa.